Yadda Ake Kwance Injin Babur Mai Ƙafa Huɗu A Sake Ɗaure Shi

Wani Alhaji mai gonar masara a Ejura ya sauke mini babur mai ƙafa huɗu daga bayan Kia a ƙarshen hunturun da ya wuce. Tun bai gama gaisuwa ba ya ce, "Masta, zobe kawai za ka canza, hayaƙi yake yi." Na ce to, Alhaji, bari mu gani. Na buɗe akwatin iska, na sa yatsa a cikin robar da ke kai iska kabureta, yatsan ya fito ja wur kamar na taɓa jan kwalli. Soson tace iskar ya yage a gefe, kuma Allah kaɗai ya san watanni nawa injin ya yi yana shan jar ƙasa. Irin wannan inji ko ka sa masa sabon zoben fistin yau, kafin a cire masarar gaba zai dawo maka da hayaƙinsa. Shi ya sa aikin da zan bayyana a nan ya fara da neman abin da ya kashe injin, kafin a zo ga sauya kaya.

Zan yi magana ne a kan inji mai silinda ɗaya da ke shan fetur zalla, baƙin mai daban, domin shi ne ya fi shigowa Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Yawancin waɗanda ke zuwa daga Chana samfurin CG ne, wato jikokin injin Honda CG125 da ya fito a 1975, kuma 'yan uwan injin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ne na jini. Duba lambar da aka buga a ƙasan injin ta hagu. In ka ga 167FMM, faɗin silindarsa milimita 67 ne, shi ake kira 250 ko da yake ainihin cikinsa cc 229 ne. In 163FML ne, ɗan 200 ke nan. In ka ga 157QMJ, wannan GY6 ne mai bel, cc 150, faɗinsa milimita 57.4. Honda TRX da Yamaha Grizzly ma suna zuwa, hanyar aikin ɗaya ce, amma awonsu nasu ne, sai ka nemi littafin gyaran samfurin ka sauke a waya.

Kafin ka taɓa sifana

Tambayi mai shi, kuma ka bar shi ya yi surutu. Yaushe aka canza baƙin mai? Ya taɓa shiga rafi ya mutu a ciki? Ƙarar da yake yi, da sanyi take fitowa ko sai ya yi zafi? Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wannan aikin kabureta ne, ba sai an fasa inji ba. Mai da ya koma fari-fari kamar koko ruwa ne ya shiga.

Sai gwajin matsi. Cire fulogi, ɗaura agogon awon matsi, murɗe ko danne totur har ƙarshe, ka buga sitata sai allura ta daina hawa. A wurinmu lafiyayyen injin CG yakan wuce bar 9, wanda kuwa ya faɗo ƙasa da 7 ya gaji. Manyan Honda da Yamaha da yawa suna da abin rage matsi lokacin tayarwa, saboda haka lambarsu takan fito ƙasa ko suna lafiya, kada ta ruɗe ka. In matsin ya yi ƙasa, zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa. In ya hau sosai, zobe ne ko silinda. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Amma duba gibin bawul tukuna. Na sha ganin injin da aka yanke wa hukuncin fashi alhali bawul ɗinsa ne kawai ya matse, aikin minti goma.

Kayan aiki: soket daga 8 zuwa 19, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, filagej na auna siririn gibi, baniya ta auna faɗi da kauri, abin zare magnet, wato faifan nan mai maganaɗisu da ke bakin karanshaf, soket mai haƙora huɗu na notin kuloci da na tukunyar tace mai, abin matse sifirin ɗin bawul, gudumar roba, kananzir, buroshi, tsumma mai tsabta da yawa, da kwali. Maikiromita da agogon awon cikin silinda ba kowa ke da su ba, masu borin, wato masu faɗaɗa cikin silinda, suna da su, za ka kai musu.

Wanke babur ɗin gaba ɗaya kafin ka kwance ko noti ɗaya. Laka da ke maƙale a jikin inji ita ce za ta faɗa ciki in ka buɗe. Wurin aikin ma ka share shi, ka yayyafa ruwa, ka shimfiɗa katako ko buhu. Inji ba a fasa shi a kan ƙasa a bakin hanyar Offinso, tirela na wucewa tana yi masa turare.

Fitar da inji

Cire wayar batir ta baƙi tukuna. Tsiyaye mai a cikin kwano mai tsabta, kada ka zubar, kai shi rana ka karkata kwanon. Ƙyalli kamar garin azurfa aluminiyan ne, daga fistin ko kan inji. Abin da ya manne wa maganaɗisu ƙarfe ne, daga boris ko giya. Ƙyallin ruwan tagulla yakan fito daga bushi ko washar konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. A injin CG, bayan babbar murfin tsiyaya ta hagu akwai sifirin da 'yar raga, duba abin da ragar ta kama. Ita ce za ta gaya maka ko aikin na sama ne kaɗai ko sai an raba ƙasa.

Daga nan robobi, kujera, tanki, salansa, kabureta, wayoyin magnet da sitata, sarƙa ko shaf, ruwan lagireto in mai ruwa ne. Ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin ka zare. Tun injin na kan firem ka sassauta manyan notin da ke juyawa da shi, na sifiroket ɗin gaba da na magnet, domin a kan tebur sai kun yi kokawa mutum uku. Sannan a zare bolt ɗin maƙalai, a ɗaga shi mutum biyu.

Kwance sama

Buɗe ramukan nan biyu na murfin magnet, ka juya karanshaf har alamar T ta zo daidai da tsagar ramin sama. Buɗe murfin bawul ka taɓa roka biyun da ke danna bawul. In duka suna ɗan motsi, ka zo daidai. In ɗaya ya ƙame, ƙara zagaye ɗaya.

Zana siffar kowane murfi a kan kwali, ka huda rami a gurbin kowane bolt, duk wanda ka cire ka soke shi a gurbinsa. Yara suna yi wa wannan dariya har ranar da suka sa dogon bolt a gajeren rami suka fasa kes. Notin kan inji a sassauta su a gicciye, kwata-kwatan zagaye, sau biyu ko uku, don kada kan ya murɗe. A CG za ka zare sandunan turawa biyu, ka yi musu alama wanne na shiga wanne na fita. In injin mai sarƙar taimin ne, sassauta tenshana, cire sifiroket ɗin kam, ka ɗaure sarƙar da waya kada ta zurma. Kan da ya ƙi ɗagowa a bubbuga shi da gudumar roba ta gefen da ba fiffike. Kada ka cusa sukundireba tsakanin fuska biyun, tabon da zai bari ba ya gogewa.

Ɗaga silinda a hankali. Da zarar bakin kes ya bayyana, tun fistin bai fito ba, cusa tsumma a ramin. Ɓallallen zobe ko kilif ɗin fil da ya faɗa can shi ke mayar da aikin kwana ɗaya ya zama na mako. Zare kilif ɗaya, tura fil da yatsa ko da katako, ba da guduma ba, domin duka a nan yana lanƙwasa konrod.

Yanzu kama konrod, kawo shi sama. Gefe da gefe zai ɗan yi motsi, haka aka yi shi. Ja shi sama ka danna ƙasa, a miƙe. In ka ji ko ɗan "ƙas", boris ɗin ƙasa ya tafi, sai an raba kes. Dubi ƙaramin idon da fil ke shiga, in ya yi shuɗi ko ya yi zane, labarin ɗaya ne. Injin da ya sha ruwa a rafi kuma aka dage da buga sitata, konrod ɗinsa yakan lanƙwashe kaɗan, domin ruwa ba ya matsuwa. Alamarsa ita ce fistin ba ya kaiwa bakin silinda daidai, ko ya ci gefe ɗaya.

Awo

Nan ne ake rabuwa tsakanin makaniki na gaske da mai sa kaya. Mun taso mun ga manya suna auna silinda da farce, kuma farce na da amfani: zanen da farce ya maƙale a ciki, honin, wato goge cikin silinda da dutse, ba zai share shi ba. Amma farce ba ya ganin silindar da ta zama ƙwai, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi. Sai an auna a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowanne ta fuska biyu. Fistin kuma a auna shi a siket, kamar milimita 10 daga ƙasa, a gicciye da ramin fil. Bambancin awo biyun shi ne gibin. A sabon inji irin wannan yakan kama daga 0.01 zuwa 0.04 na milimita, ƙasa da kaurin gashin kai. In ya kai 0.10, ya ƙare.

Na Alhaji ya wuce haka, kuma siket ɗin fistin ta ɓangaren shigar iska ya yi dishi-dishi kamar an goge shi da sanfefa. Wannan hatimin ƙura ne. Fistin da zafi ko rashin mai ya kama kuwa yakan yi zane mai kauri, aluminiyan ya narke ya shafu a jikin silinda.

Hanya biyu ce. Ko ka sayi fistin mai ƙari, suna zuwa 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, a yi wa silinda borin daidai da shi, ko ka sayi silinda da fistin da zobe a kwali ɗaya. Ga injin Chana sau da yawa sayen kwalin ya fi sauƙi, kuma kayan sama na aboboya mai lamba ɗaya sukan shiga. Sai dai ka je kasuwa da tsohon a hannunka, ka auna tsawon silinda, tazarar ramukan sitod, da kaurin fil, don akwai na milimita 15 akwai na 16. Kayan giya kam ba sa haɗuwa, babur mai ƙafa huɗu yawanci ribas ɗinsa na cikin inji, na aboboya akwatinsa daban. Ga Honda da Yamaha, in Magazin ba ta da shi a tambaya kasuwar Abossey Okai a Ankara, babban birnin Gana, in babu sai oda. Wasu silindu na zamani rufi aka yi wa cikinsu, ba hannun ƙarfe ba ne, waɗannan ba a yi musu borin yadda aka saba.

In borin za a yi, sayi fistin tukuna ka kai shi tare da silindar. Mai borin da ya ce ka bar silinda ka kawo fistin daga baya, ɗauki kayanka ka ƙara gaba. Bayan borin sai honin, ka leƙa ciki ka ga zane mai gicciye, shi ke riƙe mai har zobe ya zauna. Da ka dawo, wanke silindar da ruwan zafi da omo da buroshi. Fetur da kananzir ba sa ɗauke garin dutsen honin. Goga farin tsumma mai ɗan mai a ciki, in ya fito da toka a sake wankewa. Shanya, shafa mai nan take kafin tsatsa ta kama.

Gibin zobe a auna shi ko sabo ne fil daga kwali. Sa zobe ɗaya a silinda, tura shi ƙasa da kan fistin don ya daidaita, sa filagej a tsagar. Ga faɗin 63 zuwa 67, tsakanin 0.15 da 0.35 shi ne gida. In ya matse, zafi zai sa bakin biyu su haɗu, zoben ya karye ko ya kankare silinda, sai a rage shi kaɗan da lallausan fayil. In sabon zobe ya ba ka 0.5, ko zoben ba na nan ba ne ko silindar ta buɗe.

Kan inji

Kafin ka cire bawul, kifa kan, ka zuba kananzir a ramin shiga da na fita, ka jira minti biyar. Jiƙa a gefen bawul yoyo ne. Matse sifirin, cire 'yan kwalatin nan biyu, ka rufe su da hannu domin suna tsalle su ɓace. Kankare gawayi da abin da ba zai ji wa aluminiyan ciwo ba. Ɗora ƙarfe madaidaici a fuskar kan ta tsaye da ta gicciye, ka gwada cusa filagej a ƙarƙashi. In 0.05 ya shiga ka lura, in 0.10 ya shige, a kai a share fuskar. Mirgina sandar bawul a gefen gilashi, in kansa na rawa ya lanƙwashe. Bawul ɗin shiga da ƙura ta ci gefensa yakan yi kaifi kamar reza, wannan ba ya gyaruwa. Mayar da bawul cikin gaid, bututun da sandarsa ke bi, ka ɗago shi kaɗan ka girgiza, rawa mai yawa gaid ne ya buɗe.

Niƙa bawul da man niƙa, ɗan kaɗan a fuskar, kada ya taɓa sandar. Murza tsakanin tafin hannu, ɗaga, juya, sake murzawa, har ka ga zobe mai launin toka ya zagaye ba yankewa, faɗinsa kamar milimita ɗaya. Wanke sosai. Sa sabon sil ɗin bawul ko tsohon na da kyan gani, shi ke sa hayaƙin safe. Sifirin da ke da ɓangare mai matsattsen naɗi, wannan ɓangaren ke kallon kan inji. Maimaita gwajin kananzir.

In sai an raba ƙasa

Magnet da abin zarensa ake cire shi. Duka da guduma na lalata bakin karanshaf, yana kuma raunana maganaɗisun. Adana ɗan makullin nan mai siffar jinjirin wata. Ta dama akwai kuloci, famfon mai, da tukunyar tace mai da ke kan karanshaf a injin CG. Buɗe ta. Yawancin masu babur ba su san da ita ba, za ka tarar da baƙar laka ta daskare kamar tuwon jiya, ka kankare ta tas. In wani noti ya ƙi, tsaya ka duba zarensa, wasu injina suna da mai zaren hagu a wajen kuloci.

Cire duk bolt ɗin kes, ka sake zagayawa ka ƙirga, kusan kullum akwai ɗaya da ke ɓoye a cikin datti. Kwantar da injin, ɗaga rabin sama a miƙe kana bubbugawa da roba. Giya ka fitar da su tare, shaf biyu da cokula da ganga, ka ɗaure kowane shaf da roba don washa kada su zube. Siririyar washa takan manne a jikin boris ta bi rabin kes, neme ta. Dubi haƙoran da ke kama giya da giya, in sun yi mulmul shi ya sa giya ke fita da kanta.

Karanshaf na irin waɗannan injina matse shi aka yi da firas. Ko ka sayi sabo ɗungurungum, ko ka kai wa mai firas ya sa sabon konrod, ya kuma daidaita shi a kan agogo a gabanka. Boris ɗin kes, a dumama kes ɗin har ɗigon ruwa ya yi tsalle a kai, sabon boris kuma ya kwana a firiza, zai zauna kusan da kansa. In sai an buga, a bugi zoben waje kaɗai. Duk oyil sil a canza. Hura iska a kowace hanyar mai. Famfon mai a buɗe a duba, in ya yi zane a canza, kuɗinsa bai kai na fistin ba.

Wajen haɗawa, a tabbatar 'yan bututun daidaito suna gurbinsu. A CG, ɗigon da ke kan giyar kam ya haɗu da alamar giyar karanshaf, haƙori ɗaya ya kauce injin zai tashi amma ba ƙarfi. Kafin ka ɗaure, da bayan ka ɗaure, juya karanshaf da hannu, ka shiga kowace giya kana juya shaf. Abin da ya ƙame yanzu ba zai saki don ka ƙara matse bolt ba. Ƙananan bolt masu zaren milimita 6 ba su wuce Nm 10 zuwa 12. Sababbin faifan kuloci a jiƙa su a baƙin mai kafin a sa.

Maganar gam. Inda aka yi wa gasket, gasket ya isa. Silikon da ake lafta wa kamar man shanu a burodi yana matsowa ciki, ya gutsure, ya toshe siririyar hanyar da ke kai mai sama. Roka da suka bushe suka yi shuɗi, in ka bi sawu, sau da yawa wani jan silikon za ka tarar.

Ɗaure sama

Zoben mai ake fara sawa: mai lanƙwasa a tsakiya, bakinsa biyu su haɗu ba su hau juna ba, sannan siraran biyu. Sai na biyu, sai na sama. Kowanne harafin da ke jikinsa ya kalli sama. Na sama yawanci bakinsa na ƙyalli, na biyu baƙi ne, kada a musanya. Rarraba tsagoginsu kamar duwatsun murhu, kada ɗaya ta tsaya saitin fil. Fistin mai rubutun IN, rubutun na kallon kabureta. Mai kibiya, yawanci salansa take nunawa, amma duba takardar kwalin.

Kilif ɗin fil sabo. Ina yaron shago na taɓa mayar da tsoho saboda sabon ya yi tsalle ya shige cikin tarkace, na ji tsoron faɗa wa Masta. Kwana tara injin ya dawo, fil ya zamo ya haƙa kwata biyu a jikin silindar da aka yi wa borin. Masta bai ce mini komai ba, ya ɗora silindar a kan teburin da nake cin abinci, ta yi wata guda a wurin. Sa kilif ɗin ya faɗa kwarinsa har ka ji, ka juya bakinsa ya bar saitin 'yar tsagar da ake zare shi.

Sabon gasket ɗin ƙasa, bututun daidaito, da 'yar robar mai in akwai. Shafa mai a silinda da fistin da fil. Sauke silinda kana matse zobe ɗaya bayan ɗaya da yatsu, yaro na riƙe da ita. In ta tsaya kada ka danna, wani zobe ne ya fito daga kwarinsa. Gasket ɗin kai a sa shi a bushe. Notin kai a ɗaure a gicciye, mataki uku, har adadin da littafin injin ya faɗa. A nan ba na yarda da "hannuna ya sani". Sitod a cikin aluminiyan yake, in ya tsinke zare kai da Magazin ne kuma.

Mai sarƙa: alamar T a saitin tsagarta, layukan sifiroket ɗin kam a kwance daidai da fuskar kai, tudun kam da ke tura roka na kallon ƙasa, sannan a saki tenshana. Mai sanda: kowace sanda ta zauna a kofinta sama da ƙasa. Juya inji zagaye biyu da hannu. In ka ji ya tokare, tsaya, bawul ne ke taɓa fistin. Gibin bawul da sanyi ake sa shi, a kan T. CG yakan so 0.08, GY6 wajen 0.10, Honda TRX da yawa sun fi haka faɗi. Filagej ya wuce da ɗan ja kamar ana zare takarda daga ƙarƙashin littafi. Bayan ka kulle noti sake gwadawa, kullewa na canza shi.

Tayarwa

Injin da kulocinsa ke wanka a cikin mai yana son man babur mai alamar JASO MA, 20W-50 ko 10W-40. Man mota mai sulɓi na sa kuloci zamewa. Wanke kabureta da tanki, tsohon fetur ya tafi. Fulogi sabo, D8EA ga CG, C7HSA ga GY6, gibinsa 0.6 zuwa 0.7. Kafin ka ɗaura shi, buga sitata na 'yan daƙiƙu sau uku ko huɗu don mai ya zagaya. Da ya tashi, tabbatar mai ya iso sama, ko ta bolt ɗin dubawa ko ta murfin bawul. In minti ɗaya ya wuce sama a bushe, kashe. Ɗan hayaƙin farko man da ka shafa ne.

Kada a bar sabon inji mai sanyaya da iska yana ta aiki a tsaye. Dumama shi, kashe, bari ya huce, duba yoyo. Sannan a hau a zagaya, ana ƙara wuta ana saki, ba a wuce rabin totur ba da farko, ba a kuma riƙe shi wuri ɗaya ba. Zobe na bukatar ɗan nauyi kafin ya zauna, lallaɓawa fiye da kima na sa silinda ta yi santsi ta ci gaba da shan mai. Bayan kamar awa ɗaya ko biyu na aiki a zubar da man, a wanke raga. Bayan awa goma a sake, a duba gibin bawul da notin salansa da na maƙalan inji. Kafin nan ba jan tirelar buhuna.

Saura abin da ya kawo mu. Soson iska na Alhaji na jefar, na sa sabo, na jiƙa shi da mai na matse har ya daina ɗiga, domin busasshen soso ƙura na ratsa shi. Na shafa girisi a bakin da yake zama, na canza robar da ke tsakanin akwati da kabureta saboda ta tsage a ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa, na mayar da murfin 'yar tiyon tsiyayar akwatin da ya ɓace. Da ya zo ɗauka na ba shi soso na biyu a leda, na kira yaron da ke tuƙa masa na nuna masa yadda ake wankewa da kananzir, a bi da ruwan sabulu, a shanya a inuwa, a matse ba a murɗe ba.

Alhaji ya juya ledar ya ce, "Masta, har sau nawa za a riƙa wannan wahalar?"

Na ce, "Da damina duk mako, Alhaji. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, a hanyar gonarku, duk kwana biyu. Ɗaya na kan babur, ɗaya na shanya."